Man Gyaɗa a Keken Jamus

Wata Asabar cikin watan Afrilun 1991, saura kwana goma Sallah, keken ɗinkin Mama ya yi wata irin ƙara ya tsaya cak, allura na tsakiyar shaddar Anti Rabi. Ina zaune a ƙasa ina tsince zare daga kafet, aikina ke nan duk Asabar a ɗan gidanmu na haya da ke bayan Wendover Avenue. Mama ta murza hannun keken, ya ƙi. Ta sa hannu biyu, ya ƙi. Ta yi salati. Duk Greensboro kuwa ni kaɗai na san abin da ya same shi.

Keken nan na kakata Hajiya ne. A Gusau ta saye shi tun Mama tana 'yar firamare, baƙi wuluk da zanen furanni ruwan zinari, ga nauyin tsiya. Da Baba ya samu karatu a Amurka, Mama ta bar tukwanenta da rabin zannuwanta don kawai keken ya samu wuri a akwati. "Ɗan Jamus ne, ba ya mutuwa," haka take cewa. A gidanmu duk abin da ya yi ƙarko ɗan Jamus ne, har takalmin Baba da ba mu san inda aka yi shi ba. Matan Hausawan garin nan, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, duk wurin Mama suke kawo ɗinkin Sallah, kuma a shekarar nan kaya sun cika kujerun falo har ba wurin zama. Mama ta yi wa kowa alkawari. Anti Rabi kuwa, da ta shekara tana jiran a kawo mata shaddar nan, ba a haɗa ta da kowa wajen baki.

Ga laifina. Tun cikin hunturu man keken ya ƙare, ya fara kuka in ana ɗinki. Shekarata goma sha ɗaya, kuma ina ganin ba abin da ban sani ba. Na tuna a Gusau kakata tana ɗiga wa ƙyauren ɗakinta man gyaɗa in yana kuka. To, mai ai mai ne! Ranar da na sauko daga bas ɗin makaranta na tarar Mama ta fita, na ɗauko kwalba a kicin na ɗura wa kowane rami. Wallahi washegari keken nan lumui, ko motsinsa ba a ji. Mama ta yi ta murna tana cewa albarkar Hajiya ce. Ni kuwa kaina ya fasu, duk mako sai na ƙara masa a ɓoye, ina jiran ranar da zan faɗa a yaba mini.

Shago biyu Baba ya kai keken a Asabar ɗin da ya tsaya, duk suka ce a jefar a sayi sabo. Mama ba ta yi kuka ba, amma da aka sha ruwa ko kunu ba ta taɓa ba. Sai Baba ya tuna da wani tsohon Bajamushe, Mista Otto, mai gyaran injuna a masaƙar da Baba yake aikin wucin gadi. Ranar Lahadi da hantsi muka ɗora keke a kujerar baya, aka ɗaura masa bel kamar mutum, muka nufi McLeansville. Duk da fargabar da nake ciki, zumuɗi ya hana ni zama. Zan ga Bajamushe ido da ido! A ajinmu taswirar bango har lokacin Jamus biyu take nunawa, malamarmu ta manna takarda a kan layin ta ce wata shida ke nan da suka koma ɗaya, kuma na ga masu fasa katangar da ta raba su da guduma a talabijin. Na zaci zan tarar da wani ƙato mai tsawa.

Ashe ɗan siririn tsoho ne mai tabarau, garejinsa a gefen gona, kowace sufana a rataye a kan zanen siffarta a bango. Ya kifar da keken, ya goge ƙasansa da yatsa, ya karanta wani rubutu da ba mu taɓa kula da shi ba. Sai ya cire tabarau. Ya gaya wa Baba cewa a garinsu aka ƙera shi, can Jamus ta Gabas, kuma yayarsa tun tana budurwa take aiki a masana'antar. Shi ya tsallako Yamma yana saurayi kafin a rufe iyaka, bai sake taka garin ba. Yanzu an haɗe, kowa na murna, amma yayarsa ta rubuto cewa ana maganar rufe masana'antar, wai kayansu sun zama tsohon yayi. Ya ce in wani ƙarfe ya karye a ciki, shi bai san inda za a samo wani ba, don ƙasar da ta yi shi ma babu ita.

Ya buɗe murfin gefe, ya kai hanci, ya ɗago yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ciki duk wani abu ne ja mai danƙo, yana warin tsohon kaskon suya. Ya tambaya, a hankali, wa yake dafa abinci a cikin keken nan. Na so in yi shiru, Allah ya sani. Amma na ga Mama ta sunkuyar da kai tana jin kunya a gaban baƙo kan abin da ba ta yi ba. Da Turanci na saba amsa musu, ranar nan da Hausa ta fito: "Mama, ni ce. Man gyaɗa ne." Mama ta ce, "Bilki! Man gyaɗa? Kin mayar mini da keken Hajiya ƙosai?" Baba ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Mista Otto bai yi dariya ba. Ya ce a inda ya koyi sana'a, wanda ya ɓata shi yake gyarawa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya miƙo mini sukudireba. Duk abin da na kwance sai in ajiye shi daga hagu zuwa dama, a jere, ba a tsallake, ba a tarawa. In wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, in goge, in ɗaga wa haske ya duba. Sau uku ya mayar mini da wani ɗan ƙarfe wai da saura. Kai, na sha wahala! Ga azumi, ga warin kananzir, amma da na ga cikin keken ya fara walƙiya sai daɗi ya kama ni, na manta da yunwa. Ba abin da ya karye. Muka mayar da komai daga dama zuwa hagu, ya ɗiga man gaskiya ɗigo ɗaiɗai, ya ce in murza.

Keken ya tafi! Na yi tsalle har na buge kwanon kananzir. Mama ta ciro shaddar Anti Rabi daga jaka ta zuba layi ɗaya santal. Tsohon ya shafa shaddar, ya duba tambarin da ke bakinta, sai a lokacin ya yi dariya. Ya ce wannan a Jamus ta Yamma aka saƙa ta, keken kuma na Gabas. "Mu shekara arba'in muna rabe," in ji shi, "ashe a falonku mun daɗe da haɗewa." Ya ɗauki hoton keken da ni a gefensa don ya aika wa yayarsa. Mama ta gama ɗinkin kowa ana jajibere, Anti Rabi ta yi ta juyi a filin Idi ba ta san komai ba, kuma da ragowar wata shadda aka yi wa Mista Otto jamfa.

Masana'antar garinsu ba ta daɗe ba aka rufe ta. Masaƙun Greensboro ma haka suka bi ɗaya bayan ɗaya, yanzu in na wuce inda Baba ya yi aiki sai in ga gidajen haya masu tsada. Mista Otto ya rasu, Mama ma Allah ya yi mata rasuwa. 'Ya'yana a waya suke sayen kayan Sallah, in abu ya lalace su jefar. Keken yana ɗakina. Duk jajiberin azumi nakan shimfiɗa farin ƙyalle in kwance shi daga hagu zuwa dama, kuma akwai wani lungu da buroshi bai taɓa kaiwa ba, in keken ya ɗau zafi yakan ɗan yi ƙamshin man gyaɗa. Ban taɓa ƙoƙarin wanke shi ba.