Ranar da Baffa Ya Yanke Kawunan Hotuna

Ƙanena kurma ne. Tun da zazzaɓi ya kama shi yana goye, bai ƙara jin ko tsawa ba. A gidanmu na Sheshe ba wanda ya ƙi shi, amma ba wanda ya san abin da ke ransa. In yana son abu sai ya yi ta ihu yana jan zanin Inna, a miƙo wannan ya ture, a miƙo wancan ya ture, har a gaji a kai masa duka.

Lokacin ina elementare, Turawa ba su tafi ba tukuna. Malaminmu ya ba ni wani tsohon littafin koyon karatu da bangonsa ya fita, ya ce in riƙa bita a gida. Kowane shafi hoto ne da kalma a ƙasa: ga akuya, ga tulu, ga yaro yana kuka, ga mace da ƙwarya a ka. Ƙanena na ɗora ido a kai ya ƙwace.

Kafin a jima yaron nan ya fara magana da yatsa. Ƙishirwa, ya buɗe shafin tulu. In wani ya zalunce shi a waje, ya nuna yaro mai kuka, ya nuna ƙofa. Mai ƙwaryar nan kuwa Inna ce, ya taɓa hoton ya taɓa ta yana dariya. Ihu ya ragu a gidan, duka ma ya ragu. Wallahi sai a lokacin na san ƙanena yana da tsokana, don akuyar nan ni yake nufi da ita.

Sai Baffa ya gani. Yayan mahaifinmu ne, shi ne babba a gidan, kuma yana da ɗan karatunsa. Ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ake ajiye surar mai rai, don haka a ƙona. Bayan la'asar aka zauna a zaure, har malaminmu aka kira. Ni ina tsugune a bakin ƙofa.

"Alhaji, ai don koyarwa aka yi shi, ba don bauta ba," in ji malaminmu.

"Da haka ake farawa, Malam," in ji Baffa. "Yau hoto, gobe gunki."

Mahaifinmu ya ce, "Yaya, yaron nan da shi yake gaya mana buƙatarsa." Sau ɗaya ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, bai sake ba. Har yau ina jin haushin wannan shirun nasa.

Aka yi ta ja, kowa na kawo abin da ya ji a wajen malaminsa. Daga ƙarshe wai aka yi sassauci: ba za a ƙona ba, za a kashe hotunan, don surar da ba ta da kai ba sura ba ce. Kowa ya tashi yana jin ya yi adalci. Sulen da ke aljihun Baffa kuwa kan Sarkin Ingila ne ɓaro-ɓaro a jiki, ban ji an kawo zancensa ba.

Baffa ya ɗauko tawadarsa ta allo ya bi fuskokin ya shafe. To ita tawadar allo don a wanke aka yi ta. Ƙanena ya zauna a gindin rijiya yana lasar yatsa yana gogewa a hankali, har fuskokin suka dawo, dishi-dishi. Ya kawo wa Baffa da murnarsa, shi a ganinsa ɓarna aka yi ya gyara. Baffa ya ce taurin kai ne, ya aika a karɓo masa aska.

A gaban ƙanena aka yi. Haba, ko kora shi waje ba a yi ba! Baffa na bin shafi yana zagaye kai yana cirewa, yaron na tsaye yana kallo. Da aka zo kan mai ƙwarya, sai ya ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ya sheƙa cikin gida. Na bi shi. Na same shi ya ɗare jikin Inna yana shafa wuyanta da hannu biyu, yana leƙa fuskarta. Inna ba ta san abin da ya faru ba, tana ta cewa, "Me aka yi masa? Wa ya taɓa min shi?"

An maido mana da littafin, kusan kowane shafi da huda. Na yi ta buɗe masa shafin tulu, wanda aska ba ta taɓa ba, ya ƙi ko kallo. Ihun ya dawo, dukan ma ya dawo, Baffa kuwa ya samu gida mai tsarki.

Washegari ƙanena ya ja ni bayan ɗaki. Ya nuna zaure, ya ja yatsa a wuyansa, sannan ya juya tafin hannu sama, alamar da yake yi in yana tambayar dalili. Ni na ji duk abin da manya suka faɗa, kalma da kalma. Na tsaya ina kallonsa, ba ni da hoton da zan nuna masa.