Kwana Biyar a Daji da Gwiwar Kurkunu

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tafi ba, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina aiki a wata gonar gwajin iri a Samaru. Aikina tafiya ne. Da kaka ta kama sai mu shiga ƙauyuka da ƙafa, mu karɓi zangarniyar dawa da gero a hannun manoma, mu ɗaura wa kowace takarda mu kawo. Ba wani babban aiki ba ne, amma ni a lokacin ji nake ko sarkin noma bai fi ni ba.

Sai kurkunu ya fito mini a gwiwar dama. Wata bakwai ina kwance a gidan mahaifiyata a Sabon Gari, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Da na miƙe, ƙafar ta tsotse kamar muciya, gwiwar kuma ba ta lanƙwasuwa sosai.

Ranar da na koma aiki, shugaban sashenmu, wani dattijo marar yawan magana, ya sa na taka daga bakin ofis zuwa gindin mangwaro na dawo. Ya girgiza kai.

"Saura mako uku a fita rangadi," in ji shi. "In ƙafar nan ta ƙi a tsakiyar daji, wa zai goya ka? Akwai gurbin mai gadin sito. Ka yi shawara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan iya."

Ya ce, "Da baki kowa ma yana iyawa."

Akwai wani zagaye da muka taɓa yi da jakuna: daga Samaru a yi yamma ta bayan Shika, a karkata kudu cikin daji, a ɓullo ta gindin dutsen Kufena, a bi ta Sabon Gari a koma Samaru. Na ƙudura zan yi shi ni kaɗai, da kayana a baya, in kuma kawo dawa daga kowane ƙauye don shaida.

Mahaifiyata da ta ji, cewa ta yi, "Wata bakwai ina jinyar ƙafar nan, shi ne za ka kai wa kuraye ita?" Kwana biyu ba ta kula ni ba. A na uku na tarar ta daka mini dakuwa, ta ƙulle garin gero da ƙuli-ƙuli a tsumma. Abokina, wanda ke zuba gawayi a jirgin ƙasa, ya ara mini jakar soja da yayansa ya dawo da ita daga yaƙi. Na cusa bargo, da ashana, da ɗan ƙoƙo, na rataya gorar ruwa, na ɗauki sanda. Don tsabar iyayi har sabon takalmin fata na saya.

Ranar farko na yi tafiya kamar ana kallona. Kafin azahar takalmin ya yi mini kanta a duka dugadugai. Na cire shi na rataya a wuya, na ci gaba ba takalmi, kamar yadda ya kamata tun farko. Na kwana a zauren wani mai unguwa bayan Shika, ya ba ni zangarniya biyu.

Rana ta biyu na shiga daji sosai. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, gamba ta fi ni tsawo, hanyar da na sani ta rufe. Na wuce wata tsamiya mai rami a jiki da hantsi. Bayan azahar sai ga ni a gindinta kuma. Na zauna na dubi gwiwar, ta kumbura tana sheƙi. Ba na ɓoye muku, na yi hawaye. Da na gama, na hau wani suri na duba inda rana ta karkata, na zaɓi wata kuka can nesa na nufe ta. In na isa sai in zaɓi wata bishiyar. A haka na fita. A kan wani falalen dutse na kwana, na hura wuta.

Washegari na tarar da rafi, ruwa iya ƙugu. Na ɗora jakar a kai na shiga. A tsakiya gwiwar ta ƙi ɗaukata, na zame, na sha ruwa. Na cafke jakar, amma bakinta ya buɗe. Garin gero, da dakuwa, da dawar shaida, duk na ga suna tafiya. Takalmin kuwa, da ba shi da wani amfani, yana nan a wuyana.

Da jan ƙafa na isa wata gona a gefen gidajen Maguzawa. Wata tsohuwa tana roron wake, ta miƙe ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, wa ya koro ka?"

"Babu kowa, Iya. Zagaye nake."

"Zagayen me?"

Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Sannan ta kai ni gida, ta ɗora ruwa, ta gasa gwiwar da ganye mai zafi har ina ihu, ta murje ta da man kaɗanya. Ta ba ni tuwon dawa da miyar yakuwa, na cinye tas.

Da safe ta nuna mini wata 'yar hanya ta arewa. "Bi nan. Kafin rana ta take kana bakin titin mota, wata babbar mota ta kai ka har gida. Wa zai sani?"

Na daɗe ina kallon hanyar nan. Wallahi ƙafata har ta juya. Sai na ce, "Iya, ni zan sani."

Ta ce, "To, taurin kai ma jari ne in an iya tattalinsa. Amma ka daina tafiya kamar kana faɗa da ƙafar. In ta ce tsaya, ka tsaya." Ta ƙulle mini dafaffen rogo, ta zaro zangarniyar wata gajeriyar jar dawa daga rumbu ta ba ni.

Na bi maganarta. Taku ɗari biyu, in tsaya in jingina da sanda, in sake ɗari biyu. Ranar nan ban ga mutum ko ɗaya ba, sai gwaggon biri da suka jeru a kan dutse suna yi mini haushi. Rogon ya ƙare, na tsinci ɗinya na tsotsa. Da la'asar sakaliya na hango Kufena. A gindinsa na kwana.

Rana ta biyar da hantsi na ji kukan jirgi daga tashar Sabon Gari, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Da azahar na tsaya a ƙofar gidanmu na yi sallama. Mahaifiyata ta fito, ta ga ƙafafuna, ta dafe ƙirji.

"Shigo ka kwanta."

"Inna, ba ni ruwa a nan. Daga Samaru na fara, can zan ƙare. In na zauna ba zan tashi ba."

Ta dube ni kamar za ta yi faɗa. Sai ta koma ciki, ta fito da kwaryar fura, ta riƙe mini na sha a tsaye. Ta ce, "Tafi. Allah ya kai ka."

Wannan ragowar, daga Sabon Gari ta Palladan zuwa Samaru, a kan titi sumul, ta fi dajin duka wuya. Masu kekuna biyu sun ce in hau, na yi godiya na ƙi. Na isa ana shirin tashi daga aiki, na ajiye jar dawar a teburin shugabanmu, na faɗa masa inda na bi. Ya juya ta a hannu, ya tambaye ni rafi nawa na ƙetare, da ta ina na ɓullo. Na amsa.

"Kwana huɗu ake yin wannan zagayen," in ji shi.

"Ni biyar na yi, ranka ya daɗe."

"To, za ka fita rangadin. Amma jaki zai ɗauki kayanka. Kuma ka je asibiti a duba ƙafafun nan, ba su da kyan gani."

Na yi shekaru da yawa ina rangadi bayan nan, kuma kullum ni ne na baya a ayari. Gwiwar ba ta taɓa komawa daidai ba.

In na tuna yanzu, na san akwai wauta a ciki. Da rafin nan ya ɗan fi haka ƙarfi, da babu mai ba ku labarin nan, kuma da ɗana ne ya zo mini da irin wannan shawarar, da na hana shi. Amma ban taɓa yin nadama ba. Wata bakwai a kwance sun sa na fara yarda, a ɓoye, cewa tawa ta ƙare. Na fita da niyyar in kunyata wani dattijo, ashe ni ne mai shakkar. Yau daga ɗakina zuwa masallaci ma sai na tsaya sau biyu, yara suna wuce ni da gudu. Ba na jin kunya ko kaɗan. In huta, in gyara riƙon sanda, kuma ban cika rasa raka'ar farko ba.