Tukubar Ɗanliti a Hanyar Illo

Duk wanda ya bi hanyar Illo zuwa ƙasar Dahome a shekarun da Turawa ke haramar tafiya ya san rumfar Ɗanliti. Ɗan mahauta ne, gajere, mai ƙonannun yatsu, ba ya son dogon zance. Da tsire kaɗai ya fara, sai ya lura fatake na cin tsinke biyu su tashi da yunwarsu. Ya ce wa matarsa Sakinatu ta riƙa aiko da tuwon shinkafa da miyar yakuwa. Aka jera akusa a inuwa, aka shimfiɗa tabarmi. Mutum ya ba da sisi ya ɗebi tuwo da kansa har ya ƙoshi, nama kuma ya nuna wanda yake so a gasa masa a kan tukuba yana kallo.

Ragunan da yake yankawa kuwa Manu ke kawo su, wani Badende daga ƙetaren iyaka. Shekara goma sha shida suna tare, akushi ɗaya suke ci. Shekarar da gobara ta cinye gidan Manu, iyalinsa a gidan Ɗanliti suka yi damina.

Da ƙasashen biyu suka sami mulkin kai, aka kafa shingen kwastan kusa da rumfar. Motoci suka riƙa yini a wurin suna jiran takarda, direbobi da fasinja duk suna gangarowa cin abinci, har tabarmi suka yi kaɗan. Shi kuwa Manu shingen nan wahala ya zame masa, don rago ma sai da takarda yake wucewa. Wata rana yana suɗe hannu ya ce, "Wurin ga ya yi ma yawa kai ɗai, Ɗanliti." Ɗanliti ya yi dariya, ya ƙara masa tsoka.

Ranar wata kasuwa da hantsi, ɗaya daga cikin ragunan ya faɗi saboda zafi da doguwar tafiya. Ɗanliti ya zaro wuƙa da sauri, Manu ya danne ƙafafu, aka yi bisimilla aka yanka. Ragon ya yi shure-shure har ya buge Manu a gwiwa, jini ya kwarara yadda ya kamata. Su biyu ne kaɗai a bayan rumfa.

Kwana uku bayan haka, babu wanda ya zauna a tabarma. Tuwo ya koma gida yadda ya zo. Da la'asar aka aiko Sarkin Fawa na kira.

"An ce ka gasa ma mutane mushe," in ji Sarkin Fawa.

Ɗanliti ko gezau bai yi ba. "Ranka shi daɗe, ina da shaida. A kira Manu."

Ashe Manu na nan zaune a bayan mutane. Ya taso, ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Ni dai sa'ad da aka aza wuƙa, ragon ba shi motsi."

"Manu," in ji Ɗanliti a hankali, "buɗe gwiwarka su gani."

"Faɗuwa na yi a hanya."

Ɗanliti ya daɗe yana kallonsa, yana jiran ya ɗago kai su haɗa ido. Bai ɗago ba. Sarkin Fawa ya hana Ɗanliti yanka a garin. Kafin wata ya tsaya, hayaƙi ya sake tashi daga tukubar nan, Manu na juya tsinke, matarsa Kubura na aiko da tuwo, da irin yajin da ya shekara goma sha shida yana kallon yadda ake haɗawa.

Rashin wurin bai dami Ɗanliti kamar yadda saurin yardar mutane ya dame shi ba. Maƙwabtan da yake aika wa nama kyauta suka fara tambayar malamai hukuncin abin da suka ci. Wata maƙwabciya ta dawo wa Sakinatu da tasar da ta ara, ta ajiye a ƙofa ba sallama. Ran nan Sakinatu ta ce, "Malam, mu tahi." Suka ɗaure kaya, suka ƙetare kogin Kwara a kwale-kwale zuwa Bagudo.

A can ya gina sabuwar tukuba kusa da kasuwa, ƙarama, tabarma biyu. Hannunsa bai canja ba, mutane suka taru. Amma bai ƙara yanka dabba a bayan rumfa ba. A fili yake kayar da ita, ya tsayar da masu wucewa biyu su gani, ko ya san su ko bai sani ba. Kuma bai ƙara cin abinci da kowa ba sai shi kaɗai.

Bayan shekara bakwai Kubura ta zo biki Bagudo, ta shiga wurin Sakinatu tana kuka. Ta ce Manu na kwance, ya faɗa mata gaskiya, yana roƙon gafara. Sakinatu ta kai saƙon rumfa. Ɗanliti ya gama juya naman da ke wuta, sannan ya ce, "Gaban Sarkin Fawa yat tsaya yaf faɗi wancan. Shi koma can shi faɗi wanga."

Manu ya warke, bai je ba.

Ɗanliti ya yi sauran shekarunsa a Bagudo, har ƙarfi ya ƙare ya bar wa surukinsa Gidaɗo sana'ar. Sau ɗaya ya sake taka ƙasar Illo, ranar jana'izar yayansa. Ta cikin gonaki ya zaga zuwa maƙabarta, aka rufe gawa, ya yi addu'a, ya kama hanyar kogi ko ruwa bai sha ba.