Hoton da Babana Ya Ce a Yaga

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita makaranta da safen nan aka bugo min waya: Baba Sule mai hoto ya rasu.

Ɗalibaina sukan kalli tsofaffin hotuna su ce, "Malama, iyayenku maza ba sa dariya ne?" Ni ma na daɗe ina zaton haka.

Baba Sule mutumin Zangon Kumasi ne, maƙwabcinmu a unguwar Harlem ta New York a shekarun saba'in. Gadi yake yi, ranar hutu kuma ya rataya kyamara ya bi titi. Abu ɗaya yake ɗauka: uba baƙar fata tare da ɗansa, a shagon aski, a bakin coci, a ƙofar masallaci. Yakan ce, "Ana cewa ba ma zama da 'ya'yanmu. To, ga mu." Ya wanke hoton, ya kai wa mai shi kyauta.

Ni ce 'yar fari. Babana Bakano ne, da kunyarsa ya zo New York. Bai taɓa kiran sunana ba, sai "ke". A hotunan gidanmu ƙannena ne a cinyarsa, ni ina can gefe. Har ya rasu ban san matsayina a ransa ba.

Bara na je duba Baba Sule a unguwar Stapleton, gidan 'yarsa. Ya ce, "'Yar Malam, har yanzu kina cika yaran mutane da surutu? Buɗe akwatin can."

Hoto ne fari da baƙi. Matakalar tashar jirgin ƙasa, ƙanƙara ko'ina. Babana a durƙushe da kwat ɗin ofis, ya haɗa hannuwana cikin nasa yana hura musu ɗumi. Yana dariya.

Baba Sule ya ce, "Da ya gani cewa ya yi in yaga, kar a ce ba shi da kunya. Ya kai ƙofa ya dawo, ya ce, 'Bari. Ajiye wa Hadiza, sai bayan raina.' Ƙaura ta ɓatar min da shi, sai kwanan nan aka tono."

Na ce, "Baba, da sunana ya faɗa?"

"Da sunanki."

Allah Ya jiƙan Baba Sule, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da babana a Aljanna. Don Allah ku sa su a addu'a.

Yarana ɗalibai, wanda babansa ke raye, waya na hannunka. Kar ka ce masa ya gyara zama. Jira ya shagala da ƙaninka, ka ɗauke su hoto.