Inda Kawu Ke Yanke Labarin Samurai

Ƙamshin shayi da na'ana'a ya tuno mini Kawu jiya. A shekarun alif ɗari tara da tamanin ya yi wa injiniyoyin Japan direba a garin Yanbu na ƙasa mai tsarki, ya dawo gonar dabinonmu ta Al-Awali da labarin wani sarkinsu na da da jaruminsa, samurai, da suka rantse ba mai raba su. Kullum a nan yake yankewa.

Wata rana na ce, "Kawu, amana ce kawai tsakaninsu?"

Ya ajiye kofi, ya dube ni ta gefen ido. "Wa ya aiko ka?"

Sai bayan rasuwarsa na ji ashe soyayya ce irin ta masoya, al'adarsu ce a wancan zamanin. Ina zargin ya sani.

Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa mutanen da bai taɓa gani ba.