Motar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

A bakin hanyar Dungu nake kallonsa, wani dogon bakanike mai furfura, ana ce masa Imurana. Tun da aka sauke tutar Bature kowa a Tamale burinsa motar ɗibar fasinja. Shi kuwa ya samu tasa ya kwashe kujerun baya, ya cire ƙofofi, ya ɗage mata hanci sama kamar raƙumi. Wai a mujallar Amurka ya ga irinta. Ina jin tsohon direban soja ne, don ko dariya a ƙame yake yin ta.

Wata tsohuwa ta sauke kwandon doya.

"Ɗana, Gbalahi za ka?"

"A'a, Mma. Gindin kukar can."

"Can ɗin? Ai ko da ƙafa na je!"

"Amma ba za ki riga ni ba."

Ya ba motar wuta. Ƙasa ta girgiza, awaki suka watse, kafin in toshe kunne ya isa. Ga shi can yana shafa motar yana share hawaye, kamar wanda ya sauka Makka. Wane irin hauka ne wannan?

Tsohuwa ta ɗauki doyarta ta wuce tana tsaki. Ni da na fi ta tsaki, ga ni tsaye cikin rana, ina jira ya sake.