Kunnen Don Abundio

Birai masu gurnani su ne agogon mutanen yankin Osa. Da asuba suke farawa daga kan bishiyoyin bayan gari, kuma duk nauyin barcin mutum sai sun tashe shi. Shekara sittin da uku suke tashin Abundio Vindas, wanda kowa ke kira Don Abundio don girmamawa. Bana kuwa matarsa Zeneida ce ke yin aikin. Za ta sauko daga gado ta bangaji ƙafarsa kamar bisa kuskure, shi kuma ya buɗe ido, ya ja tsaki, ya ce biran nan sun hana mutum sakat.

Ba da jagorancin baƙi ya fara ba. Wankin zinariya ya gada wurin ubansa, tsugune a rafi da faranti har gwiwoyi suka fara kuka. Da aka mai da dajin gandu aka fitar da masu haƙa, ya yi shekara biyu a gida yana zagin hukuma, sannan yunwa ta ba shi shawara. Baƙi sun fara zuwa daga ƙasashen sanyi don su kalli dabbobin da shi a da tukunya yake kai su. Ya rataye bindiga, ya sayi madubin hangen nesa.

Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan daji ji ne ke kai mutum ga gani. Ganye ya rufe komai, ido ba ya wuce taku goma. Don Abundio sai ya tsaya cak, ya karkata kai, ya ce akwai danta, wata ƙatuwar dabba mai kama da alade, kwance cikin taɓo bayan waccan bishiya, a je kuma a tarar da ita tana kaɗa ɗan guntun hancinta. Al'adar 'yan jagora ce in sun haɗu a hanya su gaya wa juna inda dabba take. Shekara talatin yana bayarwa bai taɓa tambaya ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya, na dama ya biyo shi a hankali. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma bin sawu da kashin dabba, yana satar kallon inda sauran 'yan jagora suka sa madubinsu. Da yamma yakan dawo gida a gajiye liƙis, kuma ba tafiyar ce ke gajiyar da shi ba, ɓoyon ne. Ya san ɗan jagoran da ba ya ji ya gama aiki, shi kuwa bai san wani aikin ba.

Wata Laraba cikin damina jirgin ruwa ya sauke masa wasu mata da miji daga Kanada, tsofaffin malaman makaranta. Tambayar farko ita ce ta kullum, ko za su ga damisa. Ya ba su amsar kullum, cewa ita dai damisar za ta gan su. Suka yi dariya. Shi ya daɗe da daina jin daɗin wannan barkwancin.

A bakin hanya suka haɗu da Marielos da nata baƙin. Ita ma 'yar jagora ce, shi ne uban baftismar 'yarta, don haka ba ta raga masa.

"Tsoho, me daji ya ce yau?" in ji ta.

"Ya ce ki rage surutu."

"To Allah ya bar mana kunnen nan naka, mu ragwaye mu ci arziki."

Ya yi murmushin dole ya wuce.

Wajen hantsi suna cikin kurmi, taɓo har idon sawu, sai baƙuwar ta taɓa kafaɗarsa.

"Don Abundio, wannan ƙarar ta mece ce? Kamar ana gwara duwatsu."

Bai ji komai ba. Ya karkata kai kamar yadda ya saba, ya daure fuska irin ta masani, yana neman ƙaryar da zai yi. Sai iska ta juyo ta kawo masa wari mai kauri. Aladun daji ne, garke guda, kuma in suna gwara haƙora haka to gargaɗi suke yi. Yaron goye ma a Osa ya san in ka ji wannan ƙara baya ake ja. Shi kuwa tsakiyarsu ya kawo mutane.

"Ku hau nan," ya ce, yana nuna wani ƙaton kututture da ya faɗi. "A hankali. Kar ku yi gudu."

Ya tura matar sama, ya tura mijin, sannan ya ja nasa gwiwoyin. Garken ya ɓullo ta kowane gefe, baƙaƙe, gashin bayansu a tsaye, sun fi a ƙirga. Wani babba ya tsaya daidai ƙarƙashin takalminsa yana buɗe baki yana rufewa. Sai a lokacin Abundio ya ji ƙarar, can ƙasa-ƙasa, kamar daga gidan maƙwabta.

Da suka wuce, mijin ya rungume shi. Ya ce bai taɓa ganin gwani irinsa ba, ya kawo su daidai wurin, daidai lokacin. Matar kuwa kallonsa kawai take yi.

A tashar masu gadin daji Marielos ta same shi yana wanke takalminsa na roba a famfo. Ba ta zo da wasa ba.

"Tun daga rafi na ji haƙoransu, na juya da mutanena. Sau uku na yi maka fito, Don Abundio. Na ga bayan rigarka, ko waiwaye ba ka yi ba. Wace irin gadara ce wannan?"

Ya ci gaba da goge takalmin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ba gadara ba ce, 'yar nan," ya ce.

Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya takalmin ta wanke masa, abin da ya fi zagi yi masa ciwo. Kafin jirgi ya tashi ya miƙa mata madubin, ya ce baƙinsa na Juma'a nata ne.

Ya isa gida da la'asar. Zeneida ta ajiye masa shinkafa da wake da kofi, ta ja kujerarta ta zauna ta damansa. Sai yau ya lura ta daɗe da barin hagunsa, inda ta yi shekara arba'in tana zama.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun bara," ta ce, da ɗan ƙarfi yadda zai ji. "Ci abincinka."

Ya ci loma biyu, ya ajiye cokali.

"Zeneida, gobe in kin tashi, ki bar ƙafata."